Daga Rumfar Kawu Zuwa Teburin Intabiyu

Ni haifaffen Kano ne, a cikin gari na tashi, ɗa na uku a ɗakinmu. Mahaifinmu tela ne, har yau yana kan kekensa duk da ido ya fara rauni. Abin da ya sa nake ba da labarina shi ne ƙannenmu da ke dawowa daga bautar ƙasa kowace shekara, su rungumi fayil suna zagaya ofisoshi, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake neman aiki. Ni Allah ya haɗa ni da wanda ya zaunar da ni, kuma ina ganin hakki ne a kaina in isar da abin da na samu a wurinsa.

Tun ina ajin farko na sakandare Baba ya damƙa ni a hannun Kawu, ƙanin Umma, wanda ke da rumfa da sito a kasuwar Dawanau, kan hanyar Katsina. Asabar da Lahadi da kowane hutu can nake wuni. Riɗi da zoɓo Kawu yake saye daga kasuwannin Jigawa irin su Maigatari da Gumel, ya tara, a rairaye a gyara, ya sayar wa kamfanonin da ke fitar da su ƙasashen waje. Da sharar rumfa na fara, sai riƙe bakin buhu, sai karanta sikeli, har littafi ya dawo hannuna. Wane ya kawo buhu nawa, kilo nawa ya yi, nawa aka cire na datti, la'adar dillali, kuɗin 'yan dako, wa muke bi, wa ke bin mu. Kawu bai yi boko ba, lissafinsa a ka yake. In na rufe littafi da yamma, daga inda yake zaune yana jan carbi zai faɗi jimla, in duba in tarar haka ne.

A 2012 na shiga jami'a, na karanta tattalin arzikin noma, karatun shekara 5. Yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ya zaunar da mu a gida daga Yuli har Disamba, da sauran tsaiko nan da can, suka sa ban fita ba sai 2018. Jihar Nasarawa aka tura ni bautar ƙasa, na koyar da darasin noma a wata sakandaren ƙauye, alawus naira 19,800. Na dawo gida a ƙarshen 2019 ina da shekara 27, na tarar da yawan tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna da manyan kamfanoni suna cewa kada mai nema ya wuce 26. Wannan sharaɗi yana ci mini rai har yau. Ɗan talaka da ya yi jiran gurbin karatu, ya sha yajin aiki, shi ake kora a bakin ƙofa saboda shekarun da ba shi ya ɓata su ba.

Takardar bayanan kai, wadda kowa ke kira CV, a shagon intanet na unguwarmu aka yi mini, kamar yadda ake yi wa kowa. Yaron shagon yana da wata ajiyayya a kwamfutarsa, ya goge sunan mai ita ya sa naka, ya canza makarantu, ya buga, ka biya ka tafi. Na yi fotokwafinta da yawa. Na kai makarantun kuɗi, na kai kamfanoni a Bompai da Sharaɗa da Challawa, akasari a hannun maigadi take tsayawa. Na tura ta imel zuwa duk adireshin da na gani a WhatsApp da Jobberman, shafin tallar ayyuka na intanet. Shiru ya yi yawa. Wanda bai taɓa zaman jiran kira ba ba zai gane yadda gaban mutum ke faɗuwa in baƙuwar lamba ta shigo wayarsa ba, ya gyara murya ya ɗauka, ya ji ashe kuskuren lamba ne.

Baba ba ya son in je inda ake tara jama'a da sunan ɗaukar aiki. Bai manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, ranar jarrabawar shiga aikin shige da fice, lokacin da sama da mutum 500,000 suka biya naira 1,000 kowanne don guraben da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi a wuraren jarrabawar na Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu. A rediyo ya ji, kuma tun daga ranar ya sa wa ransa cewa ba zai aika ɗansa irin wannan wuri ba.

Ana cikin haka wani ɗan uwa ya zo da maganar wani mutum da aka ce yana da hanya a Abuja. Gurbi ne a aikin gwamnatin tarayya, naira miliyan 1.5, rabi yanzu, rabi in takarda ta fito. Umma ta kwana ba ta yi barci ba. Da safe ta ce za ta sayar da kasonta na gonar gado da ke ƙauyensu. Baba ya tsayar da keke, ya cire tabarau, ya dube ni ya ce, "Albashin da aka saya da cin hanci, wata nawa za ka ci kafin ya zama halal?" Babu wanda ya ba shi amsa, maganar ta mutu a nan. Daga baya muka ji wasu da suka biya an ba su takardun bogi, sun je kama aiki aka kore su daga get. A 2023 da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, Baba yana saurare a rediyo, bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta."

Sai ga korona. A Afrilun 2020 aka kulle Kano, neman aiki ya tsaya cak. Da aka sassauta na koma Dawanau gaba ɗaya, kullum ni ne a rumfa.

A layinmu akwai wani dattijo da muke kira Baba Manaja. Shi ne mai kula da ɗaukar ma'aikata a wata masaƙa tun zamanin da masaƙun Kano ke aiki dare da rana, kafin su durƙushe. Bayan la'asar yakan shimfiɗa darduma a zaurensa da rediyo a gefe. Wata rana na tsaya gaishe shi, ya tambaye ni labarin aiki, na ce ana nan ana nema. Ya ce in kawo masa abin da nake nema da shi.

Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta daga sama har ƙasa bai yi sauri ba. Sannan ya ce, "Ɗana, wannan takardar ta wane ce?"

Na ce, "Tawa ce, Baba."

Ya ce, "Ban gan ka a ciki ba. Ina kake wuni?"

Na ce kasuwa. Ya ce me nake yi a can. Na fara ba shi labari sama-sama, shi kuma yana tono. Tirela nawa kuke lodi a kaka? Mutum nawa ke aiki a ƙarƙashinka ranar lodi? Wa ke biyan su? In kaya ya zo da algus wa ke ganewa? An taɓa samun giɓi a littafinka? Da na gama ya ce, "To me ya hana ka rubuta wannan?"

Na ce, "Baba, ai taimakon Kawu ne, ba aiki ba ne. Kuma an ce yabon kai jahilci."

Ya ɗaga takardar ya nuna mini layukan da yaron shago ya cika da Turanci. Ya ce, "Ga yabon kai nan. Ka ce kai haziƙi ne, mai gaskiya, mai ƙwazo, mai iya zama da jama'a. Duk wanda ya taɓa miƙo mini takarda haka ya rubuta, har da wanda muka kama da yadi a cikin riga. Faɗin abin da hannunka ya yi kuwa shaida ce, kuma wanda zai damƙa maka dukiyarsa yana da hakkin ya ji ta." Ya tuna mini cewa Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kuma faɗi dalilinsa guda biyu, tsarewa da sani. Ya ce takardar neman aiki samfur ce irin wanda muke zarowa daga buhu a kasuwa, abin da ke ciki shi za ta nuna, kuma mai saye da shi zai yanke hukunci.

Daga ranar muka fara aiki. Ya sa na ɗauko tsofaffin littattafan Kawu, da izininsa, na zauna na fitar da abin da ya ratsa hannuna a kaka uku na baya: tan nawa na riɗi, tan nawa na zoɓo, masu kawo mana kaya mutum nawa. Muka rubuta su a jimloli gajeru, kowace ta fara da abin da na aikata. Na riƙe littafin shige da ficen kaya. Na tantance ingancin kaya kafin a biya. Na tsara lodi, na biya 'yan dako. Bautar ƙasata ma ya ce ba a rubuta "na koyar" a yi shiru, a faɗi aji nawa, ɗalibai nawa, da gonar makaranta da na tayar da su muka noma. Ya soke makarantar firamare, ya soke abubuwan sha'awa, ya soke dogon jawabin buri da ke sama. Ya ce shafi biyu sun ishi kowa, wanda ya fara aiki jiya ma ɗaya ya ishe shi, domin mai dubawa yana da tuli a gabansa kuma ba zai ba takardarka minti guda ba.

Wasiƙar da ke raka ta kuwa, ya hana ni rubuta guda ɗaya ina rabawa. Kowane aiki da tasa. Ka karanta tallar da biro a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin abin da suka ce suna so, ka amsa musu shi da abin da ka yi. In ba ka da amsar ko rabinsu, ka bar wannan ka nemi wani. Ya kuma ce kada in sake sa sunan kowa a matsayin mai tsaya mini sai na je na gaishe shi na nemi izini. Na sa malamin da ya duba aikina na ƙarshe a jami'a, da shugaban makarantar da na yi bautar ƙasa. Na uku ya ce in sa Kawu. Na ce Kawu ba ya jin Turanci. Ya ce, "Wanda ke son jin gaskiya zai nemo mai fassara."

Harkar intanet ba fagensa ba ne. Wata abokiyar bautar ƙasata 'yar Ibadan ce ta ce in buɗe sabon imel da sunana na gaskiya, in riƙa tura takarda a PDF don kada ta wargaje a kwamfutar wani, in sa sunana a kan fayil ɗin, in rubuta sunan aikin a kan saƙon. Excel kuma, manhajar lissafi ta kwamfuta, da kwamfutar aro na koya, ta hanyar kwashe littafin Kawu ina zubawa a ciki da dare.

Akwai abin da Baba Manaja ya gano wanda ya kamata kowa ya duba tun kafin a kira shi. Da ya jera takarduna a kan darduma, sai ga sunan mahaifina an rubuta shi iri ɗaya a sakamakon WAEC, wani iri a katin ɗan ƙasa, a banki kuma an juya jerin sunayen. Ya ce ya sha ganin an ajiye mutum a matakin ƙarshe saboda wannan. Na je kotu na yi takardar rantsuwa, na bi layin gyara, na sabunta takardar shaidar ƙaramar hukuma. Asalin takardu a fayil ɗaya, kwafi a wani.

Sai atisayen intabiyu, wanda shi ya fi ba ni wuya. Ya sa a kawo benci da kujera. In fita waje, in yi sallama, in shigo, in jira a ce in zauna. Mu an tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban babba da sassauta murya, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan 'ya'yana su rasa ta. Amma ya ce wanda ke bayan tebur ba lallai ya san gidanku ba, zai iya ɗaukar kunyarka a matsayin tsoro ko ɓoye wani abu. Ya ce in ido ya yi maka nauyi, ka dubi tsakanin girarsa. Da Turanci yake tambaya, ya ce in gabatar da kaina. Da na fara da inda aka haife ni sai ya ɗaga hannu, ya ce ba tarihi suke nema ba: me ka karanta, me ka iya, me ya kawo ka nan, a minti biyu. Na riƙa naɗar muryata a waya ina saurare a hanyar kasuwa. Ya ce Turancina ba sai ya zama na gidan rediyo ba, a dai ji, a gane, kada in haɗiye ƙarshen magana. Kuma in aka tambaye ni abin da ban sani ba, in ce ban sani ba, in faɗi yadda zan nemo.

Kira ya fara zuwa. Wata makaranta ta yi mini tayin da bai kai mafi ƙarancin albashi na lokacin ba, naira 30,000, kuɗin adaidaita sahu kaɗai zai cinye rabi. Wata ƙungiya na kai zagaye na biyu, suka ɗauki wanda ya fi ni gogewa. Kowanne in na dawo sai Baba Manaja ya sa in faɗa masa tambayoyin, mu rubuta.

A 2021, gab da kaka, wani kamfanin gyaran riɗi ya nemi jami'in sito. Na tambayi dillalai da direbobi duk abin da suka sani game da shi. Ana gobe intabiyu na je na ga wurin don in san hanya da tsawon tafiya. Na sa farar shadda wadda Baba ya ɗinka da hannunsa, ba mai aiki da yawa ba, na isa da wuri.

An fara da jarrabawar lissafi da Excel. Sannan aka shigar da ni gaban mutum uku: wata mata mai kula da ma'aikata, wani Ba'indiye manajan masana'anta, da wani dattijon Bahaushe shugaban sito. Matar ta bi takardata, ta tsaya a kan Dawanau, ta ce in yi bayani. Ina cikin yi dattijon ya tashi ya fita, ya dawo da faranti biyu na riɗi ya ajiye a gabana. Ya ce, "Malam, motoci biyu ne a get. Wacce za ka sauke?"

Na nemi farar takarda. Na ɗebi na farko na baza a kai, na hura, na karkata takardar. Riɗin ya gangara, ya bar yashi mai laushi wanda launinsa ya saje da ƙwayar. Na biyu fes yake a ido. Na murza shi a tafin hannu, na shinshina, na sa 'yan ƙwayoyi a haƙori. Bai yi ƙaras ba, lanƙwasa ya yi, kuma akwai ɗan warin da duk wanda ya taɓa buɗe buhun da aka ɗinke da laima ya san shi. Na ce ta farko zan sauke, a auna dattin a cire a kuɗi, tunda inji zai fitar da yashi. Ta biyu ba za ta shiga sito ba sai an shanya, domin laima tana kawo fumfuna, ta ɓata man, ta kuma shafi buhunan da ke kusa. Na ƙara da cewa haƙori ba hujja ba ne a takarda, zan sa na'urar gwajin laima in rubuta abin da ta nuna. Dattijon bai ce komai ba, ya koma ya zauna.

Manajan ya tambaye ni me zan yi in ƙwari suka shiga sito wani ya kawo shawarar a zuba fiya-fiya. Na ce ba zan yarda ba, guba ce da ke zama a jikin abinci, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ya tambayi adadin ƙwayar hayaƙi ta kashe ƙwari da ake sa wa kowane tan. Na ce ban sani ba, a wurinmu masu wannan sana'a ake kira, amma zan karanta umarnin maganin in kuma koya a wurin wanda ke yi musu.

Tambayar ƙarshe matar ce ta yi, kuma Baba Manaja ya riga ya ce za ta zo. Ta ce kawunka yana sayar wa kamfanoni irin namu, in motarsa ta zo fa? Na ce zan sanar da shugabana tun kafin a buɗe buhu, in roƙi wani ya tantance ya sa hannu, ni in tsaya gefe. Maganar albashi ma na faɗi tsakanin kaza da kaza, bisa abin da na bincika ana biya a irin wannan aiki. Da suka ce ko ina da tambaya, na tambayi yadda suke ƙidayar kaya a ƙarshen wata da wanda zan riƙa kai wa rahoto.

Bayan 'yan kwanaki ina rumfa wayar Kawu ta yi ƙara. Dattijon nan ne. Kawu ya saurara, ya amsa gaisuwa, ya ce e, ɗan 'yar uwarsa ne. Kawu mutum ne da tun ina yaro ban taɓa jin ya ce mini sannu da ƙoƙari ba. Sai na ji ya ce, "Alhaji, abin da zan iya gaya maka shi ne, tun da na ba shi littafi ban taɓa ƙirga kuɗi a bayansa ba." Ya kashe waya, ya ce in je in duba ko an gama ɗinkin buhunan zoɓo.

Aka ba ni aiki da gwajin wata 6, aka tabbatar da ni bayan nan, kuma ina nan har yanzu, alhamdu lillahi. Albashin farko na raba shi gida uku, na kai wa Baba da Umma, na kai wa Kawu, na kai wa Baba Manaja. Shi ya ƙi karɓa, ya ce in sayo masa batirin rediyo kawai.

Ba zan ce shiri kaɗai ke ba da aiki ba. Guraben sun yi kaɗan, masu uwa a gindin murhu suna nan, kuma arziki na Allah ne. Ina da aboki da muka gama tare, ya fi ni sakamako, yau adaidaita sahu yake ja, tun cire tallafin mai a 2023 kuma abin da yake kai wa gida ya ragu sosai. Bara na kai shi zauren Baba Manaja. Da aka tona, ashe shi ke riƙe da littafin adashen 'yan tasharsu, mutum sama da 40, shekara uku babu wanda ya taɓa ƙorafi, kuma bai taɓa tunanin sa wannan a takarda ba. Mun rubuta. An kira shi aikin wucin gadi na magatakardan awo a kakar da ta wuce, ya yi, sun ce za su neme shi bana. Yanzu da safe yana jan mashin ɗinsa, da dare yana zuwa gidana koyon Excel.